An sauya injin-sit sau biyu, motar ba ta daina karkarwa ba

Tambayar ta fito ne daga wani malamin makaranta a Zariya. Yana da Toyota Corolla ƙirar 2005 mai giyar otomatik. Ya ce da zarar ya tsaya a danja ko cikin cunkoso, ƙafa a kan burki, giya a D, sai sitiyari da kujera su kama karkarwa, in ya kunna esi kuma abin ya ƙaru har madubin ciki ya riƙa rawa. In ya mayar da giya N sai ta lafa, in ya hau titi ya miƙe kuma ba ya jin komai. Bakanikensa ya sauya masa injin-sit, wato robobin da inji ke zaune a kansu, har sau biyu cikin wata shida, na biyun ma ya fi na farko jijjiga. Yanzu wani ya ba shi shawara a yanko tayar babbar mota a cusa a wurin, ko a bi shi da walda a huta. Yana tambaya ko ya yarda.

Malam, kada ka yarda a kai walda wurin nan, kada kuma a cusa taya. In aka yi haka, karkarwar da kake kuka da ita ninkuwa za ta yi, sannan ta koma tana cin wasu sassan da suka fi injin-sit tsada nesa ba kusa ba. Na shafe shekaru sama da ashirin ina sauke inji ina ɗorawa a Kano, kuma irin wannan ƙorafi naka yana cikin waɗanda suka fi yawan shigo mini gareji. Kusan kullum tushensa ɗaya ne: mai mota da bakanike duk sun ɗauka cewa robar da ta fi tauri ita ce ta fi kyau. A wannan wuri kuwa laushin robar shi ne aikinta. Bari in yi maka bayanin dalili, domin in ka gane shi, kai da kanka za ka riƙa yi wa bakanike tambayar da ta dace.

Injin motarka mai silinda huɗu ne. Duk zagaye ɗaya da kurankishaf, wato babbar sandar da ke juyawa a cikin inji, ya yi, silinda biyu ne ke kama wuta. Kowace kamawar wuta bugu ne, kuma yadda bugun ke murɗa kurankishaf ta wannan gefe, haka yake murɗa gangar jikin injin ta ɗaya gefen. In motar tana silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, allurar da ke nuna zagayen inji tana wajen 750, wato zagaye 750 a minti, hakan na nufin zagaye 12 da rabi a sakan ɗaya, bugu 25 ke nan a kowane sakan. Lafiyayyen inji ma haka yake yi, ba alamar ciwo ba ce. Abin da ake so shi ne bugun ya tsaya a jikin injin, kada ya tsallaka zuwa bodin mota inda kake zaune. Wannan shi ne aikin injin-sit, bayan ɗaukar nauyin inji da giyabos da hana su barin mazauninsu.

To yaya roba ke tare bugu? Ka tuna yaro a kan lilo. Lilo yana da nasa takun: in kana tura yaron daidai da takun, ɗan turi kaɗan ya isa ya kai shi sama. In kuwa ka riƙa girgiza igiyar da sauri-sauri, fiye da takun lilon, yaron ko motsi ba zai yi ba. Duk wani nauyi da aka ɗora a kan abu mai lotsawa haka yake, yana da saurin da yake son yin rawa da shi. Inji a kan robobinsa ma yana da nasa takun. Masu ƙera mota suna zaɓar laushin roba ne don takun ya sauka ƙasa sosai da bugun silo. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita ita ce, roba ba ta fara rage jijjiga sai saurin bugun ya wuce takun da ninki 1.4. Ƙasa da haka ba ragewa take yi ba, ƙarawa take yi.

Ga lissafin a sauƙaƙe, don ka ga girman bambancin. Robar da nauyin inji ya lotsa ta da milimita 4, takunta yana wajen sau 8 a sakan. Bugu 25 ya ninka 8 sau uku da ɗoriya, saboda haka abin da ke tsallakawa zuwa bodi bai fi kashi 11 ko 12 cikin ɗari ba. Yanzu a cire ta a sa wata mai tauri wadda nauyin ya lotsa da milimita 1 kacal. Takun ya hau zuwa wajen 16, abin da ke tsallakawa kuma ya kai wajen kashi 70 cikin ɗari. Inji ɗaya, mota ɗaya, ba a taɓa komai ba sai roba, amma jijjigar da ke isa hannunka ta ninka kusan sau shida. A ido robobin biyu kamarsu ɗaya, ramukan noti daidai, fenti daidai, mai taurin ma ta fi kama da abin arziki in ka matsa ta da yatsa. Shi ya sa ban yi mamaki ba da ka ce sauyi na biyu ya fi na farko muni. Ina kyautata zaton robar da motar ta zo da ita tun asali, duk da ta tsufa, ta fi waɗanda aka sa maka laushi.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A farkon zamanin mota, ɗaure inji ake yi da noti kai tsaye a jikin shasi, fasinja ya sha jijjiga iya shansa. A 1931 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da Plymouth mai silinda huɗu wadda aka rataye injinta a kan roba a wuri biyu, ɗaya can sama ta gaba, ɗaya ƙasa ta baya wajen giyabos, ta yadda layin da ya haɗa su ya ratsa tsakiyar nauyin injin. Injin sai ya riƙa ɗan juyawa a kan wannan layi ba tare da ya ja bodi ba. Suka sa wa tsarin suna Floating Power, suna tallar cewa mai silinda huɗu ta samu santsin mai takwas. A 1932 André Citroën ya sayi izinin amfani da shi a motocinsa a Faransa. Ka lura, tun daga ranar farko manufar ita ce a bar inji ya motsa. Wanda ya ce maka a yi walda, shekara casa'in da wani abu yake son mayar da motarka baya.

Sai dai ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba, kuma wannan ɓangaren ne na fi so ka riƙe. Ka ce jijjigar tana zuwa ne a D, tana ƙaruwa da esi, tana lafawa a N. In giya tana D kana taka burki, injin yana jan kaya ne bai je ko'ina ba, sai ya jingina da ƙarfi a kan robobin gaba da baya, silo kuma ya ɗan sauka. Kunna esi ƙarin kaya ne. Lafiyayyar mota kwamfutarta tana ƙara iska da mai nan take don allura ta tsaya inda take. In maƙogwaron totur ya yi datti, ko wata tiyo tana shan iska ta gefe, allurar sai ta zube zuwa 550 ko ƙasa. A 550 bugu ya koma wajen 18 a sakan. Da roba mai kyau ma, abin da ke tsallakawa ya tashi daga kashi 11 zuwa wajen 24, ya ninka ke nan. Da roba mai taurin nan kuwa, 18 ya zo dab da takunta na 16, an tura lilo daidai takunsa, motar gaba ɗaya sai ta ɗauki rawa. Saboda haka kafin ka sake kashe ko kwabo, gobe in injin ya yi zafi, ka sa D, ka taka burki, ka kunna esi, ka zuba wa allurar ido. In ta faɗi ƙasa da 600 tana lilo sama da ƙasa, rabin matsalarka ba a injin-sit take ba.

Haka nan in silinda ɗaya ba ta kama wuta yadda ya kamata, saboda fulogi ya mutu, ko kwayil, ko nozul ya toshe. Kowace silinda sau ɗaya take wuta a zagaye biyu, don haka gurguwar silinda tana haifar da wata tangarɗa mai saurin kusan sau 6 a sakan lokacin silo. Wannan kuwa ya yi kusa da takun lafiyayyar roba. Injin zai riƙa tsalle a mazauninsa kamar zai fito, duk wanda ya buɗe bonet ya gani zai rantse injin-sit ne ya tsinke. Na sha karɓar motar da aka sauya wa robobi huɗu cif, alhali kwayil ɗaya ne ya ƙone. Babu robar da aka ƙera a duniya da za ta ɓoye injin da ke ɗingishi. Shi ya sa a garejina ba a taɓa injin-sit sai an jona na'urar bincike an duba ko akwai silindar da ke fashi, an kuma tabbatar silo yana daidai.

Akwai wata hanya ta uku da jijjiga ke bi, wadda ake yawan mantawa. Ko robobin sun fi kowanne kyau, in akwai wani ƙarfe da ya haɗa inji da bodi ta bayan fage, to an yi ba a yi ba. A motoci da yawa akwai wata gaɓa mai lanƙwasa a bututun salansa, saƙaƙƙiya kamar raga, ko kuma mahaɗa mai sifirin, wadda aka sa don inji ya motsa ba tare da ya ja salansar ba. In ta fashe, mai walda yakan yanke ta ya jona miƙaƙƙen bututu, ƙara ta ɗauke, mai mota ya yi murna, bayan kwana biyu ya fara jin kujera na karkarwa. Haka in robobin da ke rataye salansa suka tsinke aka ɗaure da waya, ko bututun esi ya jingina da bodi, ko robobin ƙasan lagireto suka faɗi. Ka sa a ɗaga motar a bi salansar daga kai har wutsiya. Minti goma ne, kuma sau da yawa a nan ake kama ɓarawon.

In an wanke inji da salansa daga zargi, sai a zo kan robobin. Irin motarka guda huɗu ne: na dama kusa da fambel, na hagu a kan giyabos, sai na gaba da na baya a ƙasa. Na dama da na hagu su ke ɗauke da nauyi, na gaba da na baya aikinsu tare injin ne in ya yunƙura lokacin tashi ko ribas. Alamominsu ma sun bambanta. In na gaba ko na baya ya tsinke, abin da za ka ji shi ne "ƙum" lokacin da ka sa D ko R, ko ka saki totur ka sake takawa. Jijjigar silo kuwa, mai zuwa ta sitiyari, galibi daga masu ɗaukar nauyin take, musamman na dama.

Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki masu yawa, amma yana buƙatar hankali. A ja burkin hannu, a sa wa tayoyi waigi, a buɗe bonet. Mutum ɗaya ya zauna ya danne burki da ƙarfi, ya sa D ya ɗan taɓa totur na sakan biyu ko uku, sannan ya yi haka a R. Mai dubawa ya tsaya a gefen mota. Ina roƙonka kada ka bar kowa, ko yaron gareji ne, ya tsaya a gabanta ko bayanta lokacin wannan gwaji. Inji zai ɗan jingina ya dawo a hankali, wannan daidai ne. In ya ɗaga da yawa ya faɗo da ƙara, akwai wanda ya rabu. Gwaji na biyu na wanda ya zauna ne, wato bai tsinke ba amma ya lotse har ƙarfe ya kusa taɓa ƙarfe. A sa jak da faffaɗan katako a ƙarƙashin inji, a ɗaga kaɗan, iya yadda nauyi zai ragu a kan robar, injin yana silo. In jijjigar cikin mota ta ɗauke nan take, an gano mai laifin. Katakon wajibi ne, in ba haka ba jak zai lotsa kaskon baƙin mai.

Na dama ɗin nan yana da wani sirri. A yawancin motocin wannan zamani ba roba zalla ba ce, akwai ruwa a cikinsa. Dalili kuwa shi ne roba mai laushi tana da nata aibin. Tana tare ƙananan bugun inji da kyau, amma in mota ta faɗa rami ko ta hau kwalta mai tudu da kwari, injin sai ya riƙa sukuwa a kanta ya ƙi tsayawa, domin girgizar hanya tana zuwa ne kusa da takun nan nasa. Ana son abu mai laushi ga ƙaramin motsi mai sauri, mai riƙo kuma ga babban motsi. Sai aka yi ɗaki biyu a cikin robar, aka cika su da ruwa dangin wanda ake haɗa ruwan lagireto da shi, aka haɗa ɗakunan da wata siririyar hanya mai zagaye. Ƙaramin bugu roba ce ke shanye shi. Babban motsi kuwa sai ya tilasta wa ruwan bin siririyar hanyar, ƙarfinsa ya mutu a can. Kamar dai ganyen da mai ɗaukar ruwa ke jefawa a bokiti ne don kada ya yi ta tambal-tambal a ka. Wasu motocin sun wuce nan. Honda Accord da yawa suna da injin-sit mai tiyon iska, wanda ke yin laushi a silo ya yi tauri in an hau hanya, kuma injinan V6 na Honda masu kashe wasu silinda a kan tafiya suna da wanda lantarki ke motsa shi don ya soke jijjigar. Masu irin waɗannan motoci su kula, in aka cire tiyon ko wayar aka bari tana reto, sabon ma ba zai yi aiki ba.

In mai ruwa ya fashe, za ka ga sawun baƙin ruwa ya gangaro ta ƙasansa ya bushe, robar kuma ta zauna. Matsalar kasuwa ita ce, akwai na kwaikwayo masu siffar mai ruwa sak, amma cikinsu curin roba ne. Ina zargin irinsa aka sa maka. Ka tambayi bakanikenka kai tsaye: na daman da aka sa, mai ruwa ne ko maras ruwa? In ya yi shiru ko ya ce duk ɗaya ne, ka samu amsa.

Game da saye, ga abin da nake gaya wa masu zuwa wurina, ko Ƙofar Ruwa za su a Kano, ko Fanteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas. Sabo na asali daga kamfanin motar ya fi komai, in aljihu zai ɗauka. In ba zai ɗauka ba, na fi yarda da ɗan Beljiyam na asali mai sauran rai a kan sabo fil maras suna, domin wanda aka ciro daga mota an zuba robarsa ne da ma'aunin wannan injin. Sai dai ɗan Beljiyam ma sai an tantance, tunda wani ya girmi wanda ke motarka. A lanƙwasa robar da ƙarfe a duba tsaga, musamman inda ta manne da ƙarfenta. A duba sawun ruwa. A ajiye shi kusa da wanda aka cire a gwada tsayi, in tsayinsu ɗaya da wanda ya zauna, shi ma ya zauna. Kuma a saya da lambar shasi, domin mota ɗaya mai otomatik da mai kuloci sau da yawa robobinsu sun bambanta, haka mai fetur da mai dizal, ko da ramukan noti sun yi daidai. Araha ba ta ado, kai ma ka gani, kuɗin sauyi biyun da ka yi da na aiki da sun kusa sayen na kirki sau ɗaya.

Ɗaurawa ma tana da ƙa'ida, kuma a nan ƙwararrun bakanikai ma kan yi sakaci saboda sauri. In an sa sabo, ba a ƙulle notinsa tamau inji yana rataye a kan jak. Sai a sassauta notin tsakiya na sauran, a sauke injin ya zauna da nauyinsa, a tayar da shi, a sa D a sa R sau biyu ko uku ƙafa a kan burki don kowace roba ta nemi tsakiyarta, a kashe, sannan a ƙulle. In aka ƙulle ta a murɗe, tun kafin a tayar da mota robar tana cikin wahala: ta yi tauri, ta riƙa kai jijjiga, kuma ba za ta yi nisan kwana ba. Idan ka ga bakanike yana tura inji da dogon ƙarfe don ramin noti ya haɗu, ka tsayar da shi, ko dai kayan ba na motar ba ne, ko wani a cikin sauran ya zauna ya ja injin gefe. Na sha warkar da jijjiga da sassautawa da sake ƙullewa kaɗai, ban sayar wa mai mota komai ba. Ka fara gwada wannan a kan waɗanda ke jikin motarka yanzu.

Na dawo kan walda da taya. Tayar babbar mota an yi ta ne da zare da waya a ciki don ta jure kwalta da lodi, kusan ba ta lotsawa, ga lissafin da ya gabata kuwa ka san abin da hakan ke haifarwa. Walda ta fi ta muni. Wani direban haya ya taɓa kawo mini Golf da aka yi wa haka a injin-sit na baya. Ya ce an gaya masa ya huta har abada. Bai rufa wata uku ba kunnen giyabos, wanda alminiyon ne, ya tsage, salansa ta karye a wuya, notocin dashbod duk sun kwance. Ƙarfin da roba ke shanyewa ba ɓacewa yake yi ba in an cire ta, wani wuri yake nema ya sauka. Garin gyaran gira aka rasa ido, kuma abin ya ba ni tausayi ƙwarai, domin da kuɗin motar yake ciyar da gidansa, sai da ta kwana takwas a ajiye kafin ya haɗa kuɗin wani giyabos.

Kada kuma wani ya fahimci cewa tsinkakken injin-sit abin a yi ta yawo da shi ne. A ƙarshen 1971 kamfanin General Motors ya yi kiranyen motocin Chevrolet kusan miliyan 6.7, akasarinsu ƙirar 1965 zuwa 1969, saboda wannan 'yar roba. In ta hagu ta rabu, injin sai ya ɗaga ya ja sandar totur, mota ta ƙara wuta da kanta, wani lokaci har ya fizge tiyon da ke taimaka wa burki. Maganin da suka yi shi ne ɗaure injin da igiyar ƙarfe don kada ya ɗaga fiye da kima. Injin-sit na yanzu galibi ana yin su da ƙarfe mai sarƙe juna, ko roba ta rabu inji ba zai tashi sosai ba. Duk da haka, a mota mai jan gaba irin taka, injin da ya bar mazauninsa yana karkatar da shaf, yana jan tiyon lagireto da wayoyi, yana fasa salansa. In gwaji ya nuna ya tsinke, a sauya shi cikin makon.

Saura abin da ke kashe su, don na kirkin da za ka saya ya daɗe. Yawancin injin-sit da robar bishiya ake yin su, irin wadda ake tatsa a Edo da Delta da Kuros Riba, a dafa ta da farar wuta bisa hanyar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844. An zaɓe ta ne don babu kamarta wajen lotsawa ta dawo sau miliyoyi ba ta gaji ba. Amma tana da maƙiya biyu, mai da zafi. Baƙin mai, man sitiyari, fetur, dizal, kananzir, duk suna shiga jikinta su kumbura ta, ta yi laɓo-laɓo ta saki ƙarfenta. Zafi kuma yana busar da ita ta ƙandare ta tsattsage, kuma masana roba suna ƙiyasta cewa duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin tsufanta. Ka auna motar da ke tsaye cikin cunkoso a watan Afrilu, waje ya haura digiri 40, balle ƙarƙashin bonet. Shi ya sa robar da za ta shekara goma a Turai ba lalle ta kai haka a wurinmu ba, ga kuma ramuka da kwanta-kwantan hanya.

Zafin gari ba mu da iko a kansa, amma mai muna da shi. A injin irin naka, gasket ɗin murfin sama da wajen murfin sarƙar taimin sukan yi gumin mai in sun tsufa, kuma ɓangaren nan ne injin-sit na dama yake zaune. In akwai yoyo, a toshe shi kafin a ɗaura sabo, in ba haka ba bayan 'yan watanni za ka dawo. Masu wankin inji kuma ka hana su watsa dizal ko kananzir a kan robobi, ruwa da sabulu sun wadatar. In an cire faifan ƙarfen da ke kare zafin salansa an jefar don yana ƙara, a nemo wani a mayar, domin robar baya tana dab da bututun.

Ba sai ka sauya huɗun gaba ɗaya ba in gwaji bai nuna haka ba. In tsofaffin da aka cire maka tun farko suna nan a but ko a garejin, ka karɓo su a duba, mai yiwuwa biyu ko uku a cikinsu lafiyarsu ƙalau, a mayar da su mazauninsu a cire masu taurin. Na dama kaɗai za ka nema na asali mai ruwa. In an yi wannan, an wanke maƙogwaron totur, allura ta tsaya wajen 700 da esi a kunne, salansa kuma ba ta taɓa ko'ina, ɗan motsin da zai rage a sitiyari lokacin da kake D ba zai wuce wanda kowace mota mai silinda huɗu mai waɗannan shekaru take yi ba. Allah Ya sa a dace, Malam.